Hanyar Gaggawa ta Ƙarar da Baƙon Kifi

Bayan wata ambaliya, wani baƙon kifi ya shiga dam ɗin wani gari. Ga ƙaya, ga rashin daɗi a baki, ga shegen ci. Ƙwan karfasa da 'ya'yan tarwada duk ya bi ya lamushe, har ta kai masunci ya wuni a kwalekwale ya dawo da abin da ko kyanwa sai ta yi shawara kafin ta taɓa. Mata masu suyar kifi a tasha suka fara kife kasko. Da kuka ya yi yawa aka kafa kwamiti, aka ba Alhaji Tanimu shugabanci, shi da ruwan da ya sani bai wuce na buta ba.

Daga jami'a aka turo Dakta Saude. Baiwar Allah ta yi watanni tana bin masunta cikin taɓo, tana auna kifin, tana duba yadda yake hayayyafa da yadda yake mutuwa, ta zuba komai a kwamfuta ta lissafa yawan da zai kai nan gaba. Ranar zaman kwamiti ta yi musu bayani dalla-dalla: kama manya kawai aikin banza ne, buɗe wa ƙanana fili ake yi. Sai dai a tare matan kifin idan sun fito gefen ruwa zuba ƙwai a farkon damina, a yi ta yi shekara bayan shekara. Aka tsallake damina ɗaya kuwa, an koma gidan jiya.

Tana magana Alhaji yana danna waya. Da ya ji an ambaci shekaru sai ya ɗago, ya ce shi fa manyan baƙi za su zo wata mai zuwa, kuma ya riga ya yi musu alkawarin an gama da kifin. Ya tambaye ta ko kwamfutar tata ta taɓa shiga ruwa da har take ba kifi wa'adi. 'Yan kwamiti suka yi dariya, dariyar da ake yi wa mai sa hannu a alawus. Dakta ta ji abin har ranta, amma ta haɗiye, ta fara naɗe wayoyinta.

"Yanzu 'yar nan," in ji Alhaji, "duk karatun nan naki, babu wata hanya da za a wayi gari a ga babu kifin nan kafin baƙina su iso?"

Dakta ta rufe kwamfutar, ta ɗan rusuna cikin ladabi.

"Akwai, ranka ya daɗe. A sanar cewa kifin na tallafi ne, a ba kwamitinku ya raba wa talakawa. Ko ƙaya ba za a sake gani ba."