Jar Lambar Kajin Kaka

"Lafiya lau na kwana, tunda ba a gidanka na kwana ba. Kai haka ake gaida mace, baki yana sannu ido yana kan kwamfuta?"

Kaka ke nan, ta faɗo shagon buga takardu tana dogara sanda, ɗaya hannun riƙe da kwando da ta rufe da tsohon zane. Jikanta yana can lungu tsakanin injin buga takarda da tarin kwalaye, ya ɗora kwamfuta a cinya, gumi har ya jiƙa masa wuyan riga. Mai Sikeli take ce masa, tun lokacin da ya fara zuwa gidanta da ɗan sikeli yana auna ƙwan kajinta ɗaya bayan ɗaya, wai bincike yake yi na kammala digiri. Sunan kuwa ya bi shi har makaranta.

"Wa ya kawo ki, tsohuwa? Ba na ce ki zauna a gida zan kawo miki ba?"

"Ƙafata ta kawo ni. In na biye wa kawowarka, sai kajin sun yi furfura. Ina jata?"

"Tana zuwa."

"Daga wane gari?"

Mai shago, wanda ke dama gam ɗin liƙa littafi a gefe, ya tuntsire da dariya ya jawo mata kujera. Shi dai Mai Sikeli ba ta dariya yake yi ba. Yau ce ranar ƙarshe ta miƙa kundi, kuma an riga an buga dukan shafuka an jera, saura ɗaya tak ake jira a ɗinke littafin a kai ofis kafin a tashi. A shafin nan akwai jadawalin nauyin ƙwai na duk gidajen da ya auna, lambobi a jere daga sama zuwa ƙasa, ɗigo a ƙarƙashin ɗigo. Malaminsa kuwa mutum ne da ke ɗora rula a kan jadawali. In ɗigo ɗaya ya kauce daga sahu, kundin zai dawo.

Ga kuma alkawari. Idon Kaka yana tafiya, likita ya faɗa, kowa a gida ya sani, ita kaɗai ce ke cewa rana ce ta rage haske. Baƙin rubutu ya daina fito mata, amma ja har yanzu tana ganinsa. Shi ya sa ya ce mata lambar kajinta za ta fito da ja a cikin littafin, don ta nemo ta da kanta ba sai an nuna mata ba. Da ya faɗa, gani yake aikin ƙiftawar ido ne. Ashe ba haka ba.

Irin manhajar nan yake aiki da ita da ba a jan rubutu da hannu. Umarni kake rubuta mata, ka danna, ta fito maka da shafi yadda ta fahimta. Ya naɗe lambar Kaka cikin baka biyu, alamun rubutun nan masu lanƙwasa, ya rubuta a sa ja, ya danna.

"Yauwa! Ta fito! Kaka, zo ki gani!"

Ya ƙara girman shafin har lambar ta kusa cika fuskar kwamfutar. Kaka ta matso da hancinta kamar za ta shinshina.

"Na ga ja. Amma me ya sa ta tsaya gefe ita kaɗai? Sauran ga su can a layi ɗaya kamar an ja da zare."

Ya duba, sai ya yi turus. Lambar ta yi ja, amma ta fice daga sahu ta koma tsakiya, ɗigonta ya bar 'yan'uwansa.

"Halin mai kajin ta ɗauko," in ji shi. "Ke ma ai ba kya bin layi a asibiti."

"Ni ake ba hanya, yaro. Mayar min da kajina cikin mutane. Sata suka yi da za ka ware su?"

"Sun taɓa cinye min takardar lissafi."

"Sun ɗanɗana sun ji ba komai a ciki ne. Kai mai shago, ka ga mijin da aka ba ni? Shekara nawa yana cin ƙwaina, ko bakin zane bai taɓa saya min ba, yanzu launi ɗaya ya gagare shi. Kana da mata?"

"Akwai wuri, Kaka," in ji mai shago.

"To ka ji. Kwandon nan ma naka ne."

Kwandon ya yi motsi, wani abu a ciki ya ce ƙut.

"Mene ne a ciki?" in ji Mai Sikeli.

"Abin da bai shafe ka ba. Yi aikinka."

Ya sauya dabara. Akwai wani tsohon salon jera lambobi da abokansa suke amfani da shi, sai ya koma kansa, ya sa umarnin ja a gaban lambar, ya danna. Wannan karon lambar ta tsaya cak a sahu. Ya daka tsalle har gwiwarsa ta bugi injin.

"Ta zauna! Wallahi ta zauna!"

Kaka ta sake matsowa, ta daɗe tana kallo, sannan ta ja tsaki.

"Rabin kaza ka yi min."

Gaskiyarta ne. Sittin da ɗaya ta yi ja, abin da ke bayan ɗigo kuwa yana nan baƙi ƙirin. Tsohon salon raba lamba yake yi gida biyu a kan ɗigo, sai launin ya tsaya a gidan farko.

"Ai daidai ke nan," in ji shi, yana share gumi. "Rabin ƙwan naki ne, rabi na zakaran maƙwabciya."

"Zakaran wa? Wancan mai tari? Ko katangata bai isa ya hau ba! Bakinka ya sari wuta, ɗan banza mai kan kwakwa."

"Kan nan kika ce ya fi na kakana kyau."

"Ranar ba ni da tabarau."

"Ke da ba ki taɓa sa tabarau ba?"

"To ka ga dalili."

Mai shago ya leƙo ya ce gam ya yi daidai, in ya huce kuma sai an sake dama wani. Mai Sikeli ya ce ga shi nan, ga shi nan. Cikin sauri ya kai umarnin ja can saman jadawalin, inda ake faɗa wa layin gaba ɗaya yadda zai kasance, ya danna. Shafin ya fito, lambobi a sahu tsaf, ba rabi ba kwata. Sai dai daga ta farko har ta ƙarshe duk sun yi jawur.

"Kai! Kai! Kai!" Kaka ta buga sanda a ƙasa. "Wannan gobarar fa? Kowa ya samu?"

"Kowa ya samu."

"Har maƙwabciya?"

"Ita ce ma a sama. Ƙwanta ya fi naki nauyi, na faɗa miki tun bara."

"Sikelinka ne ya tsufa. Matar da ke ba kaji ragowar shinkafa ita za ka sa wa jata? Cire! Cire kafin in kira uwarka in ce ta zo ta ɗauki kayanta."

"In na cire ta, sai ki rasa wadda za ki yi wa gori."

"Ban ce ka cire ta ba. Bar ta nan da baƙinta ta ga tawa."

Mai shago ya aje cokalin gam ya matso, ya rage murya, amma ba yadda Kaka ba za ta ji ba.

"Ɗalibi, lokaci fa yana tafiya. Mu buga da baƙi mu ɗinke ka kai. Na Kaka kuma in buga mata shafi daban, ka bi lambar da jan biro. Wa zai sani?"

Mai Sikeli ya dubi agogo. Maganar ta shige shi, don ya san in ofis ya tashi bai kai ba, sai wata shekara. Ya dubi Kaka. Ta daina zolaya, ta ɗora hannu biyu a kan sanda, idonta yana wajen ƙofa inda haske ke shigowa.

"Yi abin da zai fisshe ka," in ji ta a hankali. "Ni dai wanda za a aje a makarantarku na so. Amma biro ma ja ne."

Wannan ta fi duk zagin da ta yi masa ciwo. Kaka ba ta saba sakin magana da sauƙi haka ba, sai ya ji zuciyarsa ta karye.

"Biro? Ke da kika ce rubutuna kamar kaza ta taka tawada? Mai shago, ƙara wa gam wuta."

Ya ciro waya ya buɗe bayanin manhajar, abin da ya kamata ya yi tun da safe, ya dinga ja da yatsa yana karantawa a fili kamar mai haddar darasi. Can sai ya buga goshinsa.

"Baka! Bakan da na naɗe ta da su ne! Da na rufe ta, sai manhajar ta kasa gane lamba ce, ta ɗauka kalma ce, ta tura ta tsakiya. Cewa aka yi a sa umarnin launi a gaba shi kaɗai, a bar lambar a sake."

"Yanzu da wa kake magana?" in ji Kaka.

"Da kishiyarki. Yi shiru, amarya."

"Amarya kuma? Ɗazu tsohuwa nake."

"Ɗazu ba a yi miki tayi ba."

Ya koma salon farko, ya share jan da ya zuba a saman jadawali, ya cire bakan nan biyu, ya sa umarnin a gaban lambar Kaka kaɗai. Ya danna. Da shafin ya fito, sai ya ɗauki rular mai shago ya ɗora a fuskar kwamfutar. Ɗigo a ƙarƙashin ɗigo tun daga sama har ƙasa, duka baƙi, sai guda ɗaya ja daga kanta har wutsiyarta.

Ihun da ya yi sai da mai gyaran waya na shagon gaba ya leƙo. Kwandon ma ya amsa da ƙut-ƙut-ƙut. Kaka ta yunƙura za ta matso, ya juya kwamfutar.

"A'a. A takarda za ki gani. Kuma ba zan nuna miki ba."

Ya ƙara layi ɗaya a ƙarƙashin jadawalin, don Malam ba ya yarda da launi ba dalili, sannan ya tura shafin ga injin da ke buga launi. Injin ya yi gurnani ya turo takardar da ɗuminta. Ya miƙa wa Kaka, ya koma gefe ya harɗe hannu. Lambar a takarda ƙarama ce, ba kamar yadda ya kumbura ta a kwamfuta ba.

Kaka ta jingine sanda, ta taka zuwa bakin ƙofa. Ta kai takardar kusa da fuska, ta ja baya, ta sake kawowa. Yatsanta ya fara daga sama yana gangarowa a hankali, ya wuce, ya dawo, sannan ya tsaya.

"Ga su nan."

Ta ɗaga takardar ta juyo wajensu.

"Ga su nan, kuma a layi suke da kowa. Wannan tururuwar da ke ƙasa fa, me ta ce?"

Ya matso ya karanta mata: "Lamba mai ja, ta kajin kakar mai bincike ce, a gidanta aka fara wannan aiki."

Kaka ta kai bakin mayafi ido.

"Gam ɗin nan naka yana da yaji, mai shago. Na fasa aurenka."

"Haba Kaka, da kwandon fa?"

"Shi ma na fasa."

Ta yaye zanen. Wata jar kaza ce ƙatuwa a ciki, ta miƙo wuya tana hararar kowa. Mai Sikeli ya san ta sarai, ita ce ta fi kowace caka masa baki a hannu lokacin awo.

"Ungo, maigida, ka ci. Ita ta yi maka rabin digirin nan, sai ku raba."

"Kaka, ofis zan je! Da kaza zan shiga wajen Malam?"

"Ka ce masa shaida ka kawo."

Ya rungumi kwandon yana dariya, ya miƙa hannu zai karɓi takardar a ba mai shago ya ɗinke. Kaka ta maƙale ta a ƙirji.

"Buga wata. Wannan tawa ce. Kullum da safe zan fito da ita bakin ƙofa in duba, tun jan bai bi baƙin ba."

Mai Sikeli ya juya da sauri ya danna injin, don kada ta ga fuskarsa. Ita kuwa ta koma kujera tana ƙyalƙyala dariya, yatsanta yana nan a kan lambar.