Yadda Za Ka Raba Matarka da Kiɗan Fasa Kunne

Idan matarka ta faɗa kiɗan hayaniyar nan da ya addabi birnin Osaka na ƙasar Japan, kwantar da hankalinka, magani ya zo, kuma ba ya kuskure. Maƙwabcina Kuramoto, tsohon direban jirgin ƙasa, ya gwada shi da ya gano ba koyon haɗa shayi matarsa Fumiyo take zuwa ran Lahadi ba.

1. Bi ta a ɓoye

Za ta gangara wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa, bayan shagon taliya. Matar da ke tsaron ƙofa za ta tambaye ka wanda ka zo gani. Kada ka kuskura ka ce matarka.

"Taliya na zo ci," in ji Kuramoto.

"Shiga, Baba. Duk haka suke cewa ranar farko."

2. Kada ka nemi waƙa

Babu ita. Injin huda bango ne, da kwanon rufi, da jita da ake ja a ƙasa kamar akuyar da ta ƙi tafiya. Dubi masu kallon: mutanen da ko tari ba sa iya yi a jirgi don kunya, ga su a tsaye ƙiƙam, ido a rufe, ana farfasa musu kunne, wai wankin zuciya ake yi musu. Ka raina su sosai, raini yana rage ciwon kai.

3. Gane taka

Ita ce mai furfurar nan da guduma. Kada ka yi mamakin muryarta, ba ka taɓa tambayarta ko tana da ita ba.

4. Toshe kunnenka

A nan Kuramoto ya yi sakaci, ya saurara. Abu uku kawai Fumiyo take kurma ihu da su, tana dukan kwano: "Abinci! Wanka! Barci!" Wani mai gilashi kusa da shi har da hawaye.

"Baba, ka ji zurfin tunani? Daga ina ta samo wannan?"

Kuramoto ya san daga ina. Tun aurensu, iyakar hirarsa da ita ke nan in ya dawo daga aiki. Kunya ta kama shi.

5. Nuna mata kai ne maigida

Jira ta sunkuya ta gode wa jama'a, ta share ƙarafan da ta farfasa, sannan ka tare ta.

"Fumiyo, mu tafi gida."

"Kai! Baban yara, ashe ka san sunana? Bari in sa shi a kiɗan mako mai zuwa."

Gargaɗi: duk abin da ya biyo baya, babu hannuna, kada a zo min gida. Kuramoto dai yanzu shi yake dafa shinkafarsa, kuma duk Lahadi yana layin gaba, kunne a buɗe, don a nan ne kaɗai take yi masa magana.