Ranar da Na Hana Amarya Zama

Ba zan taɓa mantawa da bikin nan na unguwar Hindawiyya, a ƙasa mai tsarki, ba. Wajen ƙarshen shekarun sittin ne, ina gyaran fanka a gidan wani tsohon Bafaranshe mai fiyano, kuma shi ya lalata ni. Ya ce kowane kiɗa, kafin ya ƙare, akwai sautin da ke ƙwanƙwasa ƙofa, sannan na ƙarshe ya buɗe a shiga gida. Wai manyan makaɗan ƙasarsu sun daina ƙwanƙwasawa, sai su jera sautuka masu tazara iri ɗaya, kiɗan ya yi ta shawagi babu masauki. Na koya, kaina ya kumbura.

Sai Ammu Bashir, Bahaushen Sudan mai ƙungiyar kiɗan biki, ya ɗauke ni gwaji a kan akodiyon, akwatin kiɗan nan da ake ja ana matsewa, wanda dama na ɗan iya. "In ka yi kyau, kujerar taka ce. Yalla."

Aka zaunar da mu bayan labule, don wurin mata ne. Al'adar gidan, amarya takan tako a hankali, ba ta zama sai kiɗa ya sauka, sannan a rangaɗa guɗa. Da muka zo ƙarshe, sauran suka yi shiru, suka bar mini rufewa. Ni kuwa gwanin Faransa (wanda bai taɓa wuce Bab Makka, ƙofar garinmu, ba) na ƙi ƙwanƙwasa ƙofar. Na ja sautin nan mai shawagi, na ɗora wani a kansa.

Tsit. Babu guɗa. A jikin labulen ina ganin inuwar amarya, gwiwa a lanƙwashe, ba ta zauna ba, ba ta miƙe ba. Labulen ya motsa alhali babu iska. Sai wata siririyar murya daga ciki ta ɗauki sautina daidai, tana hawa da shi. Yatsuna suka ƙage a kan akodiyon.

"A'uzu billahi! Goggo Hawwa ce, mutanenta na ɓoye sun zo!" in ji wata mata.

Ammu Bashir ya cafki kunnena. "Ya walad, yaro, kai ka kira su, sallame su! Khalas, ya isa, sauke mu!"

Wallahi na manta hanyar gida. Shi ya miƙo hannu ya danna sautin da kowane ɗan koyo ya sani. Amarya ta zube a kujera, Goggo ta yi atishawa, muryar ta ɗauke. Kunya ta kama ni har na yi fatan labulen ya zama bango.

Kujerar ƙungiya dai ta tafi. Aikin da ya riƙa zuwa mini shi ne na tsofaffin mata masu iskokai, suna aikowa a nemo musu "mai kiran nan".

Tun daga ranar, ko fito nake yi a banɗaki, sai na kai shi gida na rufe ƙofa.