Hoton da Na Yi Yawo da Shi a Tandabawi

Ba zan taɓa mantawa da wani aikin hajji na shekarun 1950 ba, lokacin ina magatakardan wani muɗawwafi, wato mai jagorantar alhazai, a Makka. Ni ke riƙe da rajistar alhazai, kuma ina alfahari da cewa alƙalamina bai taɓa kuskure ba.

Bayan an sauko daga Mina, na kira suna, aka rasa matar wani dattijo mutumin Jawa ta ƙasar Indonesiya. Shi kuwa zafin rana ya kayar da shi, ba ya ko magana. Na buɗe jakarsa, na tarar da hoton wata mata a naɗe cikin alharini. Wa namiji zai adana haka in ba iyalinsa ba? (Ban tsaya na tambayi kaina yadda mai shekara saba'in ya samu wannan yarinya ba.) Na liƙa hoton a takarda, na rubuta a ƙasa: "Matar Alhaji, ta ɓata." Na sa hannu, na buga hatimi.

Kwana biyu ina bin unguwanni. Duk wanda ya ƙura wa hoton ido sai in tsawata masa: matar aure ce, a ji tsoron Allah.

A unguwar Tandabawi na shiga kantin Baba Idi mai yadi, jama'a cike. Ya duba, ya sake dubawa.

"Ya Ustaz, wannan ce matar alhajin naka?"

"Ita ce, Baba. Ga hatimi."

"To sai ka nufi Japan." Ya jawo wani bandir, ga fuskarta a takardar da aka manna masa. "Mawaƙiya ce. Dillalinmu na Jidda ya ce tun tana ƙarama take waƙa, yaƙi ya ƙone garinsu ba ta daina ba, yanzu kuma a fim take fitowa. An aurar da ita a majigi ya fi a ƙirga, amma wallahi kai ne na farko da ya buga hatimi!"

Kantin ya ɓarke da dariya. Inna lillahi! Ni da na hana hoto shiga gidana, ni ne na kwana biyu ina tallar 'yar wasa a garin Makka!

Da na koma masauki, na iske matar da ta ɓata, ashe tsohuwa ce, ta dawo cikin wani ayari, tana yi wa mijinta fifita. Ta zare takardar daga hannuna, ta dubi hoton, ta dubi Alhaji. Shi kuwa, da ya fara shan ruwa, nan take ya sake sumewa. (Har yau ban yarda da wannan suman ba.)

Tun daga ranar ba na buɗe jakar namiji sai ya farfaɗo, kuma sai na tabbatar matarsa ba ta kusa.