Ranar da Na Cire wa Ƙofar Baba Katako

Ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da na rushe ƙofar gidanmu da hannuna ba. Ko na so mantawa, hoton da ke rataye a falon Baba a Kafanchan ba zai bar ni ba.

Bari in fara gaya muku ko ni wane ne, don ku san daga inda na faɗo. Malami ne ni, ina koyar da fasaha a wata sakandare a Kaduna, na fi shekara goma ina zana gadoji da alli a jikin allo. A gida kuwa tun ina yaro ake ce mini Injiniya, saboda na taɓa gyara rediyon Baba (batir ne aka sa a juye, amma sai yau na faɗa). Sunan ya bi ni, ni ma na bi shi. Ko ƙwan lantarki ne ya mutu, sai a ce a jira Injiniya ya zo hutu.

Babanmu tsohon ma'aikacin reluwe ne. Duk tsawon aikinsa abin da ya fi burge shi shi ne ƙananan gadojin nan na jan bulo da ke ƙarƙashin layin dogo, masu lanƙwasa kamar baka, ba ƙarfe a ciki amma jirgi na bi ta kansu. Ya daɗe yana tara irin bulon nan a bayan ɗakin girki, wani ya tsinto, wani a ba shi, yana cewa wata rana zai yi ƙofar gida mai baka. Yayyen ƙanwata Rahila uku duk ta ƙofar kwano suka fita zuwa gidan aure. Da aka sa ranar Rahila, autarmu, sai ya ce ita kam ta ƙarƙashin baka za ta fita. Ƙafa ta fara gaza masa, ido ma haka, kuma duk mun san ba shi da wata 'yar da zai aurar bayan ita.

Magininsa Baba Didam ne, wani tsoho mai ƙarancin magana, wanda bai taɓa ce mini Injiniya ba tare da ya ɗan ja sunan ba. Ruwan sama ya ɓata masa lokaci, sai ranar Litinin ta makon bikin ya rufe bakan. Na iso ranar Alhamis na tarar da ƙofa ta yi kyau daga sama, amma daga ƙasa abin ba kyan gani. An ƙera katako rabin da'ira an cusa a ƙarƙashin bulon, an tokare shi da turaku, an bar 'yar hanya a tsakiya. Ta gefe kuma ga wasu dogayen itatuwa biyu a jingine, suna dafe da ginshiƙan, don ba a kai ga haɗa su da katanga ba. Na tsaya na riƙe ƙugu na ce a raina, yanzu a cikin wannan tarkacen za a ɗauki hoton amarya?

Na sami Baba Didam na ce a cire. Ya ce siminti bai kama ba, sai nan da mako biyu, kuma ko a lokacin ba a zare katako gaba ɗaya. Akwai 'yan guntayen itace da ya soka a gindin turakun, su ake sassautawa kaɗan yau, kaɗan gobe, ana kallon gini. Na yi masa bayani cikin ladabi irin na wanda ya tabbata ya fi ka sani, cewa baka da kansa yake riƙe kansa, kowane bulo na danne ɗan'uwansa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya nuna itatuwan gefe da haɓa.

"Injiniiya, wannan abu gefe yake turawa. In ka taɓa waɗancan, zai buɗe ƙafa."

Na yi murmushi. (Wannan maganar tana cikin darasin da nake koyarwa duk zango na biyu. Da ɗalibi ne ya rubuta mini ita, da na ba shi maki cikakke. Amma da ta fito daga bakin tsoho mai yagaggen silifa, sai na ji ta kamar tsoro.)

Ranar Juma'a Baba Didam ya tafi jana'iza Samaru Kataf. Da la'asar dangin ango suka iso, matan Zumunta na cocinmu kuma sun cika tsakar gida suna gyaran shinkafa suna gwada waƙoƙin gobe. Baba na ciki yana hutawa. Masu kafa rumfa suka yi ƙorafi cewa itatuwan gefen nan sun tare musu wuri. Abin da nake jira ke nan. Na naɗe hannun riga, na ɗauko guduma.

Da na yi shiru na yi aikina, da da sauƙi. A'a, sai da na tara jama'a. Na yi wa surukai lacca a kan yadda nauyi ke bin lanƙwasa yana sauka, har na zana musu a ƙasa da tsinke. Kawun ango, wani dattijo mai jar hula, yana ta gyaɗa kai, ni kuwa ina ƙara kumbura. Na buge itatuwan gefe. Na buge turaku. Masu rumfa suka taya ni muka zaro katakon muka jefar. Ƙofa ta tsaya cak, jawur da ita, har mata suka yi guɗa. Gaskiya a wannan minti ɗin na ji daɗin da ban taɓa ji ba. Na shiga ƙarƙashinta na ɗaga hannu biyu, sannan na fito waje don in kira mai hoto.

Taku huɗu na yi. Na ji wani ɗan ƙara a bayana kamar ana taka busasshen kara, na waiga na ga ginshiƙin hagu yana karkata a hankali, ba gaggawa. Sai bakan ya sauko gaba ɗaya.

Allah ya kiyaye, ba kowa a ƙasa. Ƙura ce kawai ta wanke ni daga gira har takalmi. Waƙa ta tsaya. A cikin shirun nan na ji kawun ango yana tambayar na kusa da shi, a hankali amma kowa ya ji, ko wannan ne injiniyan da ake faɗa.

Wannan ma da sauƙi. Abin da ya kashe ni shi ne fitowar Baba. Ya dogaro sandarsa har wurin, bai dube ni ba. Ya sunkuya da ƙyar ya ɗauki rabin bulo, ya share shi da tafin hannu, ya ajiye a gefe, ya ɗauki wani. Da ya zage ni a gaban surukai, da na gode masa. Na tsaya da guduma a hannu ina jin kunyar da ban san akwai irinta ba, Rahila kuma ta shige ɗaki tana kuka.

Kafin rana ta faɗi Baba Didam ya dawo. Ya zagaya tarin sau ɗaya, ya tambaya ko an ji rauni, aka ce a'a. Sai ya ce in tattaro masa katakon da na jefar, ɗaya ɗaya, kada in bar ko ƙusa. Na tattaro, ba lacca.

Da sassafe ranar Asabar ya sake tsayar da katakon nan rabin da'ira a inda ƙofar take. Matan Zumunta suka naɗe shi da farin yadi da ganyen kwakwa da furanni, har ya zama abin kallo. Matsala ɗaya: ginshiƙin hagu ya tafi, babu abin da za a ɗaure turken wannan gefen da shi, ga iskar damina tana kaɗawa. Baba Didam ya ce dole wani ya riƙe har amarya ta fita. Aka fara kallon juna. Baba, wanda bai yi mini magana ba tun jiya, ya ce daga kan kujerarsa:

"Injiniya zai riƙe."

Na riƙe. Cikin sabuwar shaddata, wadda na ɗinka don in zauna a babban tebur. Kun san amarya ba ta fita a kan lokaci, kuma kun san addu'ar fasto ba ta da birki. Kafaɗata ta mutu, gumi ya jiƙa ni, duk wanda ya wuce sai ya ce mini sannu da aiki, wasu har da gaske suke. Kawun ango ya tsaya ya duba turken sama da ƙasa, ya ce wannan karon ginin ya yi ƙarfi.

Can aka fito da Rahila. Baba ya ajiye sanda ya riƙe hannunta, suka tako a hankali har ƙarƙashin bakan katako. A nan ya tsaya, ya ɗaga kai ya kalli sama ya daɗe. Iska ta taso daidai lokacin, na rungume turken da duk ƙarfin da Allah ya ba ni, hawaye na zubo mini ba hannun sharewa. Suka wuce. Mai hoto ya ɗauka a daidai nan, shi ne hoton da ke falo: amarya, Baba, furanni, sai ni a gefe na ƙanƙame itace kamar za a ƙwace mini.

Da motoci suka tashi zuwa coci, Baba Didam ya zo ya dafa turken ya dube ni.

"To, Injiniiya, saki. Amma kaɗan kaɗan."

Bayan biki ya sake gina ƙofar da bulon da suka tsira, aka cike da sababbi, in ka duba da kyau za ka ga launin bai zo ɗaya ba. Ya bar katakon a ƙarƙashi wata guda cur, na zo hutu sau biyu na wuce ta ciki a sunkuye. Har yanzu ina koyar da darasin baka a zango na biyu, kuma ina koyar da shi da kyau. Sai dai yanzu in na ga katako mara kyan gani a ƙarƙashin gini, nakan sa hannuna a aljihu in gaishe shi, don na taɓa yin aikinsa na awa biyu, na san ba zaman banza yake yi ba.