Yadda Ake Zaɓen Motar Hannu Idan Kana da Baffa

Ɗan'uwa, idan tsohuwar motar gidanku ta cika, kana neman magajiyarta a wannan zamani da mutum ke shiga gidan mai da sallama ya fito da salati, to ka kwantar da hankalinka. Bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya. Na yi maka alkawarin abu uku, kuma babu wanda zai kuskure: za ka samu mota, mai ɗakinka za ta zauna a gaba, kai kuma jikinka zai yi ƙwari. An gwada tsarin a kan mutum guda, Malam Nababa, malamin gona a wani ƙauye da ke bayan Zakirai, kuma yana nan da ransa.

Mataki na ɗaya: Tabbatar tsohuwar ta mutu

Kada ka yi gaggawa. Motar ƙauye takan suma sau da yawa kafin ta cika. Ta Nababa doguwa ce mai kujeru layi uku, sunanta a gari Ta-Kowa. Ta kai masu naƙuda asibiti, ta kai buhunan wake Dawanau, ta taɓa dawowa da ɗan maraƙi yana leƙen gari ta taga. A duk shekarun nan mutum ɗaya ne ya zauna a kujerar gaba: Baffa Ɗan Iya, ƙanen mahaifin Nababa. Baffa ba ya tambayar inda za a. Da ya ji ƙarar inji sai ya ɗauki sandarsa da butarsa ya shiga. A ƙasarmu babba ba ya zama a baya. In kuwa ya zauna, kai ne ba ka da tarbiyya, kuma za a faɗa a masallaci. Saboda haka Hure, matar Nababa, ta haddace ƙeyar Baffa fiye da yadda ta haddace hanyar gidansu.

Ranar da bakanike ya buɗe bonet, ya daɗe yana kallo, sannan ya cire hularsa ya ce, “Malam, sai haƙuri,” Nababa bai yarda ba. Sai da kajin Hure suka fara saka ƙwai a mazaunin direba sannan ya karɓi gaisuwa. Kai ma jira kaji. Ba su taɓa kuskure ba.

Mataki na biyu: Nemi kuɗi a inda suke

Albashinka, kamar yadda ka sani, baƙo ne mai kunya: yana sallama yana ban kwana. Dukiyar gida tana bayan ɗakin mata, tana cin harawa. Je ka can, amma kada ka fito da maganar kai tsaye.

“Hure,” in ji Nababa, “tumakin nan naki sun yi yawa. Warinsu har ɗakina.”

“Warin takin da kake kwashewa ka kai gona, Malam? Ban ji ka yi ƙorafi da bazara ba.”

“Mota nake so mu saya. Ta gida. Tamu.”

“Ta-Kowa ma ai tamu aka ce. Ni da buhun wake layinmu ɗaya.”

Ta ci gaba da tankaɗe har ya fara tunanin ta manta da shi. Can ta ajiye rariya.

“Zan sayar, in bar tunkiya ɗaya. Amma da sharaɗi. Ranar farko da za ka kai ni gaida Inna a Zakirai, a gaba zan zauna. In ga hanya tana tahowa da idona. In kuwa na sake zama a baya, to mota tawa ce, tumakina ne. Zan sa a cire tayoyin in zuba kaji. Sun riga sun saba.”

Nababa ya rantse. Kai ma rantse. Rantsuwa ce kaɗai abin da bai yi tsada ba a shekarun nan.

Mataki na uku: Ɓoye ranar tafiya

Kada ka gaya wa kowa. Nababa ya fita da sassafe cikin tsohuwar riga, har da fartanya a kafaɗa don ɓad da sawu. A bakin titi ya tarar da Baffa zaune a kan buzu, sanye da babbar rigarsa ta Juma'a.

“Ka makara, Nababa.”

“Baffa, ina zuwa haka?”

“Inda za ka. Ana sayen mota ba babba? Ko aure ka taɓa ganin yaro ya nemo wa kansa? Ajiye fartanyar nan, kada a ce daga ƙauye muke.”

Mutumin da ya sayi tumakin ne ya ba da labari, kuma shi ma amana aka ba shi. Sirri a ƙauye shi ne maganar da kowa ke faɗa ƙasa-ƙasa.

Mataki na huɗu: Nuna ka san mota

Motar Kwatano, wadda ake shigowa da ita daga waje, yanzu ta kallo ce, kamar jirgin sama. Taka ita ce ta hannu, kuma kada ka tambayi hannu na nawa. Su Nababa sun sauka a Bacirawa, wurin wani dillali mai suna Kassimu, mai motoci jere a bakin titi da tsumma a kafaɗa.

Fara da shurin taya. Babu wanda ya san abin da ake ganewa da shi, amma dillali na raina wanda bai shura ba. Sai ka sa a buɗe bonet, ka sunkuya, ka daɗe, ka ce “Hmm.” In an tambaye ka me ka gani, sake cewa “Hmm.”

Kowace mota za a ce maka wata Hajiya ce ke hawanta, daga gida sai asibiti. Kada ka musa. Kassimu ya nuna wa Nababa mota uku, duka na Hajiyar nan. Baiwar Allah ta sha jinya.

Mataki na biyar: Bar kallon inji, kalli fuskar Baffanka

Nan ne ilimin yake. Nababa ya je jami'a, kuma a nan karatun ya yi masa rana. Ya lissafa cewa ba zai iya buɗe baki ya ce wa Baffa koma baya ba. To sai a nemo motar da Baffa zai ƙi shiga da kansa.

Ta farko babba ce mai laushin kujera. Baffa ya shiga gaba don gwaji, kafin a rufe bonet ya fara minshari. Nababa ya ce injinta bai yi masa ba.

Ta biyu tana da wani ɗan rami kusa da giya wanda butar Baffa ta zauna a ciki daram. “Wanda ya ƙera wannan yana salla,” in ji Baffa. Nababa ya ce launinta bai yi masa ba.

Ta ƙarshe tana can gefe a kan gangare, 'yar ƙarama, mai ruwan ƙwai, injinta na ta kaɗawa shi kaɗai. Baffa ya shiga da ƙyar, kashi-kashi, kamar ana cusa katifa a buhu. Gwiwoyinsa suka gaisa da haɓarsa. Rufi ya danne hularsa har gira. Sanda ta ƙi shiga, buta ta rasa wuri.

“Wannan ba mota ba ce, gwangwanin madara ne! Wallahi in ka saye ta, daga yau ba ni ba motarka.”

“Malam Kassimu,” in ji Nababa, “nawa za ka sallama?”

Mataki na shida: Kada ƙananan alamu su ɗauke maka hankali

Masu baƙin ciki za su tambaye ka: me ya sa ita kaɗai aka tarar a kunne? Me ya sa aka ajiye ta a kan gangare, hancinta na kallon ƙasa? Me ya sa fentin bayanta ya koɗe wuri biyu, daidai faɗin tafin hannu? Kada ka kula su. Motar da ka tarar a kunne mota ce mai himma.

Nababa ma ya ɗan tambaya. “Me zai hana a kashe ta, mu ji yadda take tashi?”

“Haba Malam, a wannan tsadar mai? Ai a tayarwa take shan mai. Ni tausayinka nake ji.”

Nababa ya ga gaskiyarsa. Aka yi tayi, Kassimu ya ce albarka, aka sake, ya sake cewa albarka, Baffa ya miƙe zai tafi, sai ga shi an sallama tun kafin Baffa ya gama miƙewa. Idan dillali ya sallama da sauri haka, ka sani ƙaunarka yake yi.

Mataki na bakwai: Kai ta gida a sa albarka

Baffa ya dawo a cikinta, don ba wata hanya, yana tsine mata tun daga Bacirawa har ƙofar gida. Nababa bai taɓa jin daɗin tsinuwa kamar ranar ba. Ya ajiye ta a fili shimfiɗaɗɗe kamar tabarma, ya kashe inji. Gari ya taru, ana shafa ta ana addu'a. Masu wake suka leƙa but, wurin zuba kaya, suka yi tsaki. Hure ta leƙo ta zaure, ta dubi kujerar gaba, ta koma ciki ta fito da atamfar da take ajiya tun sunan autarta.

Mataki na takwas: Zaɓi ranar da ba kowa

Nababa ya zaɓi hantsi a tsakiyar noman farko, lokacin da duk mai ƙarfi a gari yake gona, babu mai cewa a rage masa hanya. Hure ta fito da sabon mayafi da turare, riƙe da ƙwaryar fura ta Inna. Suka zagayo bayan danga.

Baffa na zaune a gaba. Ya ɗaure sanda a rufi, ya rungume buta, gwiwa a haɓa.

“Baffa, ai cewa ka yi...”

“Na faɗa. Amma na kwana ina tunani. In na ƙi shiga, mutane za su ce baƙin ciki nake yi da arzikin ɗan ɗan'uwana. Zan daure saboda kai. Shiga mu tafi.”

Hure ta durƙusa ta gaida surukinta kamar yadda ya kamata. Ta buɗe ƙofar baya ta shiga, ta ɗora fura a cinya. Ta ƙwanƙwasa rufi da yatsa, irin na mai auna ko ruwa zai zubo wa kaji. Nababa ya gani ta madubi. Ya buɗe baki, ya dubi furfurar Baffa, ya rufe. Ya murɗa makulli.

Ƙyas.

Ya sake. Ƙyas. Batir ya riga Ta-Kowa cika, ba a dai yi shela ba.

Mataki na tara: Tura

Yanzu duba lissafin da kyau. Mutum uku ne a gari. Dattijo ba ya tura mota. Matar aure ba ta tura mota a gaban surukinta da sabuwar atamfa, mijinta na zaune. Saura kai. Kuma in kai kana baya, dole wani ya riƙe sitiyari.

“Baffa, ko za ka matso nan?”

“Da ƙyar na shigo, sai dai a fasa ta a fitar da ni. Sa yarinyar nan. Ba ita ke tayar da injin markaɗen gidanku ba?”

Hure ta miƙa wa Baffa fura da hannu biyu, ta zagayo. Ta zauna a mazaunin direba kusa da surukinta, ta karkata kai saboda kunya. Shi ma ya juya fuska taga saboda kunya. Nababa ya sa mata giya ta biyu.

“Taka wannan na hagu. In na ce saki, ki saki, ki taka na dama. In ta tashi, ko me zai faru, kada ki bari ta mutu. Kin ji?”

“Na ji, Malam.”

Ya koma baya. Tafukansa suka zauna daidai inda fenti ya koɗe, kamar da shi aka gwada. Ya tura ta wuce rijiya, ya tura ta wuce masallaci, sai da ya hango taurari da hantsi sannan ya yi ihu, “Saki!”

Ta yi tari, ta yi tsalle, ta tashi. Ta kuma tafi.

Manoma suka ɗago daga kunya suna kallon malamin gona yana gudu a burtali, takalmi ɗaya a ƙafa. Da ƙyar ya cafko ƙofar baya ya faɗa ciki.

“To tsaya mu canza!”

“Kai ka ce kada in bari ta mutu, Malam.”

“Bar ta,” in ji Baffa, bai juyo ba. “Tun da muka taso ba ta faɗa rami ba, fura ma ba ta zube ba. Kai shekara nawa kana karya mini ƙugu?”

Haka suka shiga Zakirai a giya ta biyu, inji na kuka, awaki na darewa, Hure na kallon hanya tana tahowa da idonta. Daga baya Nababa ya lura, a karo na farko, cewa Baffa yana da wani tabo a ƙeya.

Hattara

Alkawari uku na yi, kuma duka sun cika. An samu mota, ba ta koma gidan kaji ba. Hure na gaba, yanzu har giya ta huɗu take sawa. Nababa kuwa tumbinsa ya zube, likita ya yaba. Ya taɓa kawo maganar a sayar da tunkiyar da ta rage a sayi sabon batir. Hure ta ce tunkiyar ciki gare ta, kuma da alama za ta daɗe da shi.

Saboda haka duk wanda ya bi matakan nan ya samu ciwon baya, ko ya rasa takalmi, ko mutanen gari suka fara kiran motarsa da sunan matarsa, ba ruwana, ban san shi ba, ba a gabana aka yi ciniki ba. Mai ƙorafi ya nemi Malam Nababa. Kowace safiya yana nan a bayan motar, kuma zai saurare ka da kyau in ka sa hannu.