Rasuwar Doña Fortunata, Motar da Gishiri Ya Ci

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da takaicin da ya fi baƙin cikin yawa, ni Eleuterio Huarachi na garin Uyuni, da ke bakin babban filin gishiri, nake sanar da rasuwar motata, Doña Fortunata, wadda ta cika ranar Talata a ƙofar gida, bayan doguwar jinyar da aka ɓoye mini.

Marigayiyar mai haƙuri ce. Shekara da shekaru tana ɗibar 'yan yawon buɗe ido masu jaka a baya, irin waɗanda za su yi cinikin kujera sai ka ji kunya. Ta kai su tsakiyar filin gishiri, ta haura da su tafkin tsuntsaye masu jan gashi, ba ta taɓa barin kowa a daji ba. Da asuba, in sanyi ya daskarar da ruwan sha, takan ce "khrr, khrr" sau biyu, a na uku ta tashi.

Abu ɗaya take nema a wurina. In mun dawo daga gishiri, in kwanta a ƙasa in wanke mata ciki da ruwa mai daɗi. Kowane direba a garin nan ya san gishiri daga ƙasa yake cin ƙarfe.

Da damina aka kwantar da ni asibiti a birnin Oruro. Na miƙa makullinta ga Saturnino Ticona, mutumin da ya tsaya mata a matsayin uba ranar da aka sa mata albarka, ya rataya mata furanni, ya zuba wa tayoyinta giya da hannunsa. Tun ranar muke kiran juna kompadre, wato aminin da ya zama ɗan'uwa. Ashe kullum sai ya cusa ta cikin ruwan da ya kwanta a kan gishirin, don baƙi su ɗauki hoton sama a ƙarƙashin ƙafafunsu. In ya dawo ya goge mata jiki har ta yi ƙyalli, cikin kuwa ko leƙawa bai yi ba. Na dawo na gan ta fes, na rungume shi, har na yanka masa rago.

Da makaniki ya ɗaga ta, yatsansa ya huda ƙarfen kamar biskit. Na je na sami Saturnino.

"Haba kompadre," in ji shi, "ai tsohuwa ce. Kai ma in an leƙa ƙarƙashinka me za a gani?"

Wallahi maganar nan ta fi mini mutuwar ciwo.

Ta rasu ta bar ni, da matata Benigna mai dafa wa fasinja miyar hatsin kinuwa, da 'ya'ya uku 'yan makaranta, da taya ɗaya mai sauran rai, da ɗan kada na roba da baƙi ke ɗaukar hoto da shi.

Za a kai ta makwancinta ranar Juma'a da hantsi, a filin da ke bayan makabartar jiragen ƙasa, inda ake jibge waɗanda suka mutu. Kowa ya zo da ganyen kokansa na taunawa. Sabuwar motar Saturnino ce za ta ja gawar, don ita kaɗai ke da ƙarfin ja a layinmu. Ni zan tuƙa, domin tun jiya ya ɗauke ni direba. Ya kuma gargaɗe ni, a gaban matata, kada in kuskura in kwana ban wanke wa sabuwar motar ciki ba.